Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Da can gyaran jikin amarya bai wuce lalle da dilka da halawa ba. Yanzu kuwa an ƙara da shafa wa fuska ruwan asid, don fatar sama ta saɓe sabuwa ta fito. Muna ganin wajibi ne mu faɗa wa ƴan'uwanmu mata abin da ba a faɗa musu a shago.

Aikin na gaskiya ne, likitocin fata na yin sa don magance ƙurajen fuska da tabonsu. Sai dai ƙuna ce ake yi wa fata da gangan, bisa awo, kuma hawa uku gare ta. Ta sama-sama, da asid mai sauƙi irin su gilikolik, takan warke cikin mako guda. Ta tsakiya, da wanda ake kira TCA, tana ɗaukar kwana 7 zuwa 14. Mai zurfi kuwa, da fenol, tana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ba a yin ta sai ana sa ido kan zuciyar majinyaci.

Mu baƙar fata haɗarinmu ya fi yawa. Fatarmu in ta ƙone takan ƙara baƙi a wurin, wani lokaci ta bar tabo mai tudu. Ga kuma zafin ranar ƙasarmu, wanda sabuwar fata ba ta jurewa sai da man kariya.

A watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da irin waɗannan ruwan asid ba tare da kulawar ƙwararre ba. In masu yalwar likitoci sun ji tsoro, ina ga mu da likitan fata ke wuyar samu a wajen manyan birane?

Don haka muna kira ga ma'aikatar lafiya da jami'an duwan su sa ido kan kwalaben da ke shigowa ba suna ba awo. Ku kuma iyaye mata, kafin a taɓa fuskar ɗiyarku ku tambaya: wane asid ne, ƙarfinsa nawa, ina mai aikin ta yi karatu? In amsa ta gagara, ku ɗauki ɗiyarku ku koma ga dilka. Biki na kwana bakwai ne, tabo kuwa ba ya san an watse ba.

Allah ya sa mu gane.