Firiji Ga Kwamfuta: Raɓa Ce Ta Kashe Tamu

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji biyar, mamba a ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu. Ya ce kwamfutar tebur ɗaya tilo gare su, kuma da zarar bazara ta kama sai fankarta ta riƙa ƙara kamar injin markaɗe, aiki ya yi mata nauyi, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Akwai kuma wani tsohon firiji da aka jingine a sito. Tambayarsa ita ce: za su iya sa firijin ya riƙa sanyaya ruwa, ruwan kuma ya sanyaya kwamfutar?

Ana yi. Mu ma mun taɓa yi, har muka yi asarar kwamfuta guda. Amma bari mu fara da yadda abin yake aiki.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta kai faɗin tafin hannu ba, amma takan fitar da zafin wat 65, manya kuma har sama da wat 200. Yawancin na zamani, idan suka kai digiri 95 zuwa 100, sai su rage gudu don kada su ƙone. Nauyin da ɗalibinmu yake gani ke nan. Ruwa ya fi iska iya kwasar wannan zafi nesa ba kusa ba: lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafi sama da ninki 3,000 na abin da lita ɗaya ta iska za ta ɗauka. Shi ya sa masu sha'awar abin suke ɗaura ɗan akwatin jan ƙarfe a kan furosesa, ƙaramin famfo ya riƙa tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya wuce cikin lagireto irin na mota, fanka ta hura shi. Sai dai lagireto ba ya iya sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi. Idan ɗakin yana digiri 40, ruwan ba zai sauka ƙasa da 40 ba. A nan ne ake neman taimakon firiji.

Firiji ba ya ƙera sanyi, kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje. Ku sa hannu a bayansa ku ji. A cikin bututunsa akwai wani sinadari, wanda masu gyara ke kira gas, da yake tafasa tun a wuri mai tsananin sanyi. Yayin da yake komawa tururi sai ya tsotse zafin abin da ke kewaye da shi. Kwamfuresa ta matse tururin, ya yi zafi, ya huce a bututun baya ya koma ruwa, ya bi ta wani siririn bututu ya dawo farko. Asalin dabarar ɗaya ce da ta randa, wadda ruwanta ke sanyi saboda danshin jikinta yana tashi sama da zafin. Da ita malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya ci lambar yabo ta Rolex ta shekarar 2000. Amfani da kwamfuresa kuwa ya daɗe, tun 1834 Jacob Perkins ya yi rajistar irin wannan na'ura a Ingila. Ita ma shahararriyar kwamfutar nan Cray-1 ta Amurka, ta 1976, da gas ɗin firiji ake sanyaya ta.

To, tsohon firijin sito zai yi? A ganinmu ba zai yi ba. Nama da zoɓo ba sa haifar da zafi. Da zarar sun yi sanyi, kwamfuresa sai ta huta. Kwamfuta kuwa murhu ce da ba a sauke mata tukunya. Ku lissafa da kanku: zafin wat 200 yana ɗaga ruwa lita 20 da digiri ɗaya cikin kusan minti 7, wato sama da digiri 8 a awa guda. Ƙaramar kwamfuresar firijin gida da ƙyar take kwashe irin wannan, kuma in an hana ta hutu, ba za ta daɗe ba. Saboda haka masu haɗa irin wannan na'ura a gida sun fi amfani da iyakwandishan na taga. Mai ƙarfin doki ɗaya yana kwashe zafin da ya kai wat 2,600. Sukan cire murfinsa, su lanƙwasa ɓangaren da ke yin sanyi a hankali ya shiga cikin babbar kula, su cika ta da ruwa gauraye da ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireton mota don kada ya daskare, sannan famfo ya tura shi ta tiyo zuwa furosesa. Wutar da iyakwandishan ɗin zai sha ta fi ta kwamfutar da ake sanyayawa, abin da mai sayen fetur ɗin janareto ba zai so ji ba.

Irin wannan muka haɗa, cikin watan Agusta, da taimakon wani mai gyaran firiji. Ruwan ya sauka zuwa digiri 8, furosesa ta nuna ashirin da 'yan kai, muka yi ta tafi. Rana ta uku muka ji ƙauri, allon ya yi baƙi. Da muka buɗe, babu inda tiyo ya fashe, babu inda ya yi yoyo, amma ga ɗigon ruwa a jere a jikinsa, wasu sun gangara kan bod ɗin da kayan wutar kwamfuta ke kai.

Daga ina ruwan ya fito? Daga iska. Kun san yadda ledar fiyawata mai sanyi take jiƙa aljihu alhali ba ta huje ba. Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma duk abin da sanyinsa ya wuce wani mataki, tururin zai sauka a kansa ya zama raɓa. Wannan mataki yana canzawa da yanayi. A ɗaki mai digiri 30, idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari kamar yadda takan yi da damina, raɓa tana sauka a kan duk abin da ya yi ƙasa da digiri 26. Idan laimar ta faɗi zuwa kashi 15, irin na hunturu, sai abu ya kusa zama ƙanƙara kafin ya yi raɓa. Da a watan Janairu muka yi gwajin, da wataƙila kwamfutarmu tana nan. Ruwan digiri 8 a watan Agusta kuwa, gayyatar raɓa muka yi da hannunmu.

Maganin iri biyu ne. Ko dai a sa na'urar da za ta kashe kwamfuresa kafin ruwan ya kai matakin raɓa, wanda ke nufin da damina sanyin da za a samu kaɗan ne, ko kuma a naɗe tiyo da akwatin jan ƙarfen da soso mai hana iska shiga, har bayan bod ɗin, ba a bar ko kafar allura ba. Na biyun ya fi wuya yadda ba ku zato.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kwamfuta. Gas ɗin firijin zamani da yawa, mai lamba R600a, yana kama wuta. Na tsofaffin iyakwandishan, R22, yana cikin masu lalata rufin ozon da ke kare mu daga illar hasken rana, waɗanda yarjejeniyar Montreal da aka fara a 1987 ta sa ake daina amfani da su. Bututu ya tsage, gas ɗin yana iya ƙona fata da sanyi. Kafasitar iyakwandishan tana riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ruwan lagireton nan kuma guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, kada a bar shi inda ƙanne za su kai hannu. Ba aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba ne. Sai da malamin kimiyya da ƙwararren mai gyaran firiji, kuma ba a kan kwamfuta ɗaya tilo ta makaranta ba.

Ita wannan, ku roƙi malaminku a zare mata wuta, a buɗe ta, a hure ƙurar hunturun da ta toshe fanka, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kanta, a janye ta daga jikin bango. Sau da yawa kukan yakan tsaya a nan.

Ga aikin ƙungiya na wannan mako. Ku sami gwangwanin madara mai ƙyalli, ku zuba ruwan da ya kwana a ɗaki, ku tsoma ma'aunin zafi. Ku riƙa jefa ƙananan ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya kuna juyawa. Da zarar jikin gwangwanin ya fara dishi-dishi, ku rubuta lambar da ma'aunin ya nuna. Matakin raɓar ɗakinku ke nan a ranar. Ku aiko mana da lambar, da sunan garinku da kwanan wata, mu jera na Sakkwato kusa da na Jos mu gani.