Ɗan Zango a ajin rawa da wasan kwaikwayo: ni dai na ce a bar su su shiga

Makon jiya bayan Isha'i 'yar yayata ta kira ni daga Legon. Tana shekara ta biyu a Jami'ar Ghana, tana karanta ilimin abinci da lafiyar jiki. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Kawu, akwai magana. A kwas ɗin nazarin Afirka na zaɓi wasan kwaikwayo, Baba ya ce wallahi ba da kuɗinsa ba. Don Allah ku yi masa magana, ai ku ma kun taɓa yi."

Gaskiyarta, na taɓa yi. Nawa ma ya fi nata nauyin faɗa, domin ni ajin rawa na shiga.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Legon kowane ɗalibi, likitanci yake karantawa ko lauyanci, akwai wasu kwasa-kwasai na kowa da kowa da sai ya ci su kafin a ba shi digiri. Ɗaya daga ciki shi ne nazarin Afirka, kuma a cikinsa akwai zaɓi: harsuna irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani, sha'anin sarauta, kiɗa, rawa, wasan kwaikwayo da sauransu. Yaranmu na Zango akasari gudu suke yi su kama wanda ba a tashi tsaye a cikinsa, a karanta takarda a rubuta jarrabawa, shi ke nan. Ni ma niyyata ke nan. Akanta nake karantawa, me ya haɗa ni da ganga? Sai dai na tafi Kumasi bikin ɗan'uwa na yi zamana, kafin in dawo in yi rajista duk guraben da nake so sun cika. Laifina ne, ba na kowa ba. Haka na tsinci kaina ba takalmi a gaban makaɗa, kuma har zangon karatun ya ƙare ban bari Babanmu ya ji ba.

Kunyar ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun da daɗewa ɗalibai ke yi wa wannan fanni laƙabi da "dondoloji", daga sunan dondo, gangar nan mai kama da kalangunmu. Wai ilimin kaɗa ganga, abin da ake turawa wanda ya rasa abin yi. Amma waɗanda suka kafa shi ba ƙananan mutane ba ne. A 1962 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka, a shekarar ce kuma Farfesa Kwabena Nketia da Farfesa Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa. Ranar 25 ga Oktoban 1963 Kwame Nkrumah da kansa ya je ya buɗe cibiyar. Manufar ita ce kada yaro ya fito daga jami'a ya san tarihin Ingila tiryan-tiryan amma bai san maƙwabcinsa ba.

Ni kuwa wannan yaron ne. A Aboabo aka haife ni, na tashi ina jin Twi kamar Hausa. Duk Asabar sai na ga Asantawa cikin baƙi da ja suna rawar Adowa a wurin makoki, ni a ganina tsalle-tsalle ne kawai na waɗanda ba su san sallah ba. Sai a ajin nan na gane ashe hannun mai Adowa magana yake yi. Akwai motsin da ke nuna baƙin ciki, akwai na girmamawa, akwai na neman haɗin kai, kuma masu kallo suna karantawa kamar wasiƙa. Shekara ashirin ina zaune da mutane suna magana a gabana da yaren da ban ma san yare ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da aka zo kan Agbadza ta mutanen Ewe kuwa, nan na sha wahala. Akwai wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira gankogi, shi ke riƙe da lokaci, kowa da shi yake auna ƙafarsa, babbar ganga kuma ita ke ba da umarnin sauya taku. In ka tsaya kallon ƙafarka ka ɓata, sai ka saki kunnenka ka saurari wasu. Wanda ya ce maka ajin rawa makin banza ne bai taɓa shiga ba. Gumin da na yi a nan ban yi shi a kan lissafin haraji ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar Takai, rawar Dagomba da maza ke yi da manyan riguna da sandunan ƙarfe a hannu. Malamin ya yi bayani cewa ana yin ta a lokacin bikin Damba, kuma Damba na faɗowa ne a watan Maulidi. Sai ya tambaya ko akwai Musulmi a ajin da zai faɗa wa sauran mene ne Maulidi. Mu biyu ne. Na tashi murya na rawa na yi bayani, aka yi ta yi mini tambayoyi har bayan an tashi. Wannan ne karo na farko a jami'a da wani ya tambaye ni game da addinina don yana son ya sani, ba don yana neman gardama ba.

Shekarar da ta biyo baya da ƙafata na je na nemi izinin zama a ajin wasan kwaikwayo. Abin da aka fara koya mana ba riya ba ce, ba kuma ban dariya ba. Numfashi ne. Yadda za ka ja iska daga ciki ba daga maƙogwaro ba, yadda za ka aika murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, inda za ka ajiye hannuwanka, yadda za ka kalli mutane ido da ido, da yadda za ka yi shiru a inda shiru ya fi magana amfani. Mu da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, babu inda aka koya mana yadda ake ɗaga shi da ladabi in lokacin ɗagawa ya yi.

To, a nan maganata take. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne a ƙasar nan, 'yan Zango masu jin Hausa kuma wani yanki ne a cikin wannan adadin. Wanda ba shi da yawa, bakinsa ne jarinsa. Na taɓa raka dattawan unguwarmu wani ofishi a kan maganar kwatar da ke cika mana gidaje da ruwa duk damina. An zaɓi wani yaro mai digiri biyu ya yi magana a madadinmu. Ya rubuta takarda mai kyau, hujjoji sun cika, amma ya kare fuskarsa da ita yana karantawa ƙasa-ƙasa, jami'an suna danna wayoyinsu. Bayanmu wasu mata 'yan kasuwa suka shigo da tasu buƙatar, shugabarsu ko takarda ba ta riƙe ba, ta tsaya ta yi magana minti biyar kowa ya ajiye waya. Ba ilimi ta fi yaronmu ba. Tsayuwa ta fi shi. Nas ɗin da za ta shawo kan tsohuwa ta sha maganin hawan jini, lauyan da zai tsaya gaban alƙali, malamin makaranta, ɗan majalisar unguwa, har limamin da ke kan mumbari, duk wannan abin suke buƙata, kuma ga shi ana koyar da shi cikin kuɗin makarantar da muka riga muka biya.

Akwai kuma maganar wa ke ba da labarinmu. Ghana duka tana cin abincinmu. Waakye daga shinkafa da wake ya samo suna, tuo zaafi tuwon zafi ne, koko da ƙosai kuwa ba unguwar da ba a karyawa da su. Amma kunna talabijin ka ga yadda ake fito da ɗan Zango a wasan barkwanci: in ba maigadi mai gyangyaɗi ba, to mai tsire, in ba shi ba, ƙaton da 'yan siyasa ke haya. Muna zaune a bes muna shan ataya muna jin haushi, alhali mun hana 'ya'yanmu kusantar wurin da ake koyon rubuta waɗannan wasannin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai buɗe baki ba wani ne zai faɗa a madadinsa. Kuma hanyar ba sabuwa ba ce. Mohammed Ben Abdallah, Musulmi haifaffen Kumasi, ya koyar a wannan makaranta ta Legon, ya kafa ƙungiyar Abibigromma a 1983, ya rubuta wasanni irin su The Trial of Mallam Ilya, ya kuma riƙe sha'anin ilimi da al'adu a gwamnati. Efua Sutherland ta ɗauki tatsuniyoyin Ananse ta ɗora su a dandali. Wane ne Ananse in ba Gizo ba? Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, muke da tashe a watan azumi, muke kwana kallon finafinan Kano, ba mu da hujjar cewa wasan kwaikwayo baƙonmu ne.

Duk da haka ban ɗauki tsoron iyaye wasa ba. Da na je wurin mijin yayata, sai da ya bari na gama tas sannan ya ce, "Na ji ka. Amma kai namiji ne. Ita mace ce, aure za ta yi. Ka san abin da za a ce a Zango in aka ji 'yata na wasa a dandali?" Na ce, "Alhaji, na sani, kuma kuna da gaskiya a wani wurin." Cakuɗuwar maza da mata gaskiya ce. Atisaye na iya cin Magariba. Akwai kuma raye-rayen da asalinsu na wurin tsafi ne, kamar yadda mu ma muke da bori, kuma ba na ce wa ɗan Musulmi ya shiga abin da ya taɓa aƙidarsa don neman maki ba. Maganar kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani a kanta tun kafin a haife mu. Mun dai san ya inganta cewa Habashawa sun yi wasansu da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo da iznin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Iyakar abin da wannan ya halatta, a tambayi malamai, ni akanta ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da rawa ba, ya bar ta, ba wanda zai zarge shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe ƙofar gaba ɗaya ba a leƙa ba. Wasan kwaikwayo ba hawa dandali ne kaɗai ba. Akwai mai rubuta labari, akwai mai tsara sutura, mai haske, mai kula da shige da fice a bayan labule. A ajinmu akwai yarinya mai hijabi da ta faɗa wa malami tun makon farko abin da za ta iya da wanda ba za ta yi ba, bai musa mata ba, kuma ita ta tsara kayan wasanmu duka. Ni ma duk ranar da atisaye ya kai Magariba fita nake yi in yi sallah in dawo, har ya zama wani abokina Kirista ne ke taɓa ni ya nuna mini agogo. Da yawa daga abin da muke tsoro, magana ɗaya cikin ladabi a makon farko ke warware shi. Wannan ma darasi ne da ɗan Zango zai yi ta amfani da shi har ya yi ritaya, domin duk ofishin da ya shiga a Accra, ko Ankara in ji tsofaffinmu, sai ya nemi wurin sallarsa da bakinsa.

Shawarata ga ƙannenmu da ke jami'a: in dama ta zo, ku shiga. Ku nemi ɗan'uwa ko 'yar'uwa ku yi rajista tare. Ku san iyakarku kafin ku je, ku faɗe ta da wuri, kada sai an raba matsayi ku fara noƙewa. Kuma kada ku yi irin tawa, ku faɗa wa iyayenku tun farko. Ni sai bayan na gama jami'a Babanmu ya ji, abin da ya ɓata masa rai kuwa ba rawar ba ce, ɓoyewar ce. Iyaye kuma, zango ɗaya ne na karatu, wata huɗu bai cika ba. Ba sana'a yaron ya canza ba. Tarbiyyar da kuka yi shekara ashirin kuna ginawa, in har wata huɗu zai rushe ta, to ba ajin ne matsalar ba.

Alhaji dai bai sauko gaba ɗaya ba. Ya ce rawa babu ita, ko da wasa. Wasan kwaikwayo kuma ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba za ta cire hijabinta ba, kuma ranar da za su nuna abin da suka shirya, shi da kansa zai je ya zauna a gaba ya gani da idonsa. Yarinyar ta ce ta ji ta yarda. Har ta fara rubuta wani ɗan gajeren wasa a kan wata kaka mai ciwon suga da jikarta ke fama da ita a kan shan shayi, da Hausa da Twi da Turanci a gauraye yadda muke magana a gida. Na ce wa Alhaji ranar in ta zo ya kira ni, ni zan biya kuɗin mota.