Kada malamin gona ya tsaya a bakin gonar auduga kaɗai

Daga Gidar zuwa Tuboro, babu manomin da ya san fuskar malamin gona kamar mai noman auduga. Tun 1974 da aka kafa Sodecoton a nan Garwa, ta gaji kamfanin Faransa na CFDT, aikin yana tafiya bisa tsari: ma'aikaci ya zo ƙauye a kan babur, a auna gona, a rubuta suna, a ba da iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyar manoma, ranar awo a cire. Maƙwabta ke tsaya wa juna. In ɗaya ya gaza, sauran su cike. Ana kukan farashi da jinkirin biya, kuma kukan yana da tushe. Duk da haka, ta wannan hanya garmar shanu ta bazu, masara ta zauna da gindinta a kwarin Binuwai.

Damuwata ita ce ƙofar guda ɗaya ce. Wanda bai shuka auduga ba, da wuya babur ɗin ya tsaya a gonarsa. Matar da ke noman gyaɗa a bayan gida, mai albasar rani da rabin amfaninsa ke ruɓewa a ɗaki kafin farashi ya tashi, mai dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwa, dukkansu da dabarar kaka da kakanni suke fama.

Dubi tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka a 2016. Manomi ya ga ganye ya huhhuje, ya tafi kasuwar Pitowa ya sayo magani a kwalbar da ba rubutu, ya fesa da tsakar rana ba takalmi ba safar hannu. Tsutsar kuwa tana can cikin zuciyar masarar ta lafe. Da akwai mai gaya masa ya duba gonar tun shuka tana ƙarama, ya yi feshin da sassafe ko da yamma, ya nufi cikin zuciyar, da kuɗinsa da lafiyarsa sun tsira. Maganar minti goma ce. Masu binciken noma na cibiyar IRAD sun san ta, amma wa zai kai ta Gashiga?

Gwamnati ta taɓa gwadawa. Daga ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya ya tallafa wa shirin malaman gona na ƙasa, aka raba babura. Da tallafin ya janye, sai zirga-zirgar ta ja baya. Alhali mun ga abin da naci ke haifarwa: a shekarun 1990 shirin raya karkara na DPGT ya riƙa ba manoma ɗan ihisani don su bar ƙananan itatuwan gawo su girma a gona, kuma yau inuwarsu da takinsu suna nan.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, da rikicin Boko Haram ya tarwatsa tun 2014. Ana raba wa masu komowa iri da fartanya, a ɗauki hoto, a tafi. Mutumin da gonarsa ta yi shekaru a yashe, shanun huɗarsa sun salwanta, yana bukatar wanda zai dawo bayan mako biyu ya ga ko irin ya tsira. Haka waɗanda suka gangaro Ngong da Lagdo neman ƙasa, suka tarar da wadda ta gaji, ƙuduji ya cinye.

Don haka, ƙananan hukumominmu su sa man babur ɗin malamin gona cikin kasafinsu kamar yadda suke sa gyaran kasuwa. A ɗauki masu jin Fulatanci da Hausa da Mafa da Tupuri. A ɗauki mata da yawa, domin gidaje da dama ba a shiga, kuma a can ciki ake ajiye iri, ake sussukar gyaɗa, ake kiwon awakin da ke biyan kuɗin makaranta.