Hawan Ƙaho Da Waƙar Turawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwata a Zonkwa ran jajibirin Salla, ya ga yadda mahauta ke fama da bijimi mai faɗa, igiya a ƙafa, igiya a ƙaho, ya san sa ba abokin wasa ba ne. Amma a Kano da Katsina, Rundawa sun mai da wannan hatsari wasa, wato hawan ƙaho. Mai kalangu ya ɗauki taken saurayi, ya ambaci ubansa da kakansa, shi kuwa ya yi kirari, ya faɗa tsakanin ƙahoni, ya rungumi wuya. In laya ta ci amana, sai a kwashe shi.

Mutanen Sifen ma suna da nasu, sai dai da takobi suke shiga, su kashe san a gaban 'yan kallo. Majalisar lardin Kataloniya ta hana wasan a 2010, kotu ta soke hanin a 2016. Har cikin opera ya shiga, wato wasan kwaikwayon da Turawa ke yi da waƙa. A Carmen, wanda aka fara nunawa a Faris a 1875, bakin filin wasan sa ne saurayi ya kashe budurwarsa don kishi. A 2018 wasu a Italiya suka juya ƙarshen, ita ta kashe shi. San dai bai sami mai juya masa nasa ba.

Nan gida abin damuwa dabam ne. Makaɗan da suka san taken kowane gidan fawa suna ta ƙarewa, kuma ba saurayin da zai hau ƙaho don kiɗan wayar salula.