Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa kan gyambon lishmaniya

Masu girma kwamishinoni,

Akwai wani gyambo da ke zuwa asibitocinmu na karkara ya koma gida ba a gane shi ba. Ɗan ƙurji ne yake fara fitowa a fuska, hannu ko ƙafa, makonni bayan cizon ƙyashi, ɗan mitsitsin ƙudan nan mai cizo da dare. Sai ya buɗe, bakinsa ya tashi, tsakiyarsa ta lotsa, galibi kuma ba ya zafi. Ƙwayar cutar lishmaniya ce ke haddasa shi, wadda ƙyashin ke ɗaukowa daga ɓerayen daji. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: tun 1911 wani likitan Faransa mai suna Stevenel ya rubuta labarinta a Damagaram, an kuma same ta a Sakkwato da Borno.

Ku dubi abin da ke faruwa da yarinyar da ya fito wa a kumatu. Uwarta ta kai ta kemis, a fasa kafso a barbaɗa. Bai warke ba, a ce sammu ne, a shafa garin magani. Bayan watanni ya bushe da kansa, ya bar tabon da za ta rayu da shi har gidan miji. Wannan tabon ne ke ci mini rai, domin ana iya rage shi.

Gano cutar bai fi ƙarfinku ba. A kankaro ɗan nama daga bakin gyambon, a rina shi da Giemsa, rinin da ake gwajin maleriya da shi, a duba a madubin likita. Kayan aikin suna nan a manyan asibitocinku. Horo ne babu. Ku koyar da ma'aikatan ɗakin gwaji da na shan-magani, su kuma san bambanta shi da gyambon Buruli da tarin fuka na fata.

Sai magani. Ana yin allurar antimoni, irin su Glucantime, a cikin gyambon kansa, ko a gasa shi da na'ura a zafin digiri 50 na daƙiƙa 30. Ku ajiye allurar a ƙalla a asibiti ɗaya a kowace shiyya, kyauta, ku sa a riƙa rubuta duk wanda aka gano, domin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya sai da alƙaluma suke tura magani. Gidan sauro kuma a raba mai feshin magani, tunda ƙyashi na ratsa ramukan wanda ba shi da shi.

Ina roƙonku ku sa wannan a kasafin bana.