Yaro Bisa Keke, Mahukunta Bisa Kujera

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Kano ko Zariya da ƙarfe bakwai na safe zai ga abin da muke kuka da shi. Yaro ɗan shekara goma bisa keken ubansa, ƙafa ba ta kai feda ba, ya goya ƙanensa, yana kutsawa tsakanin tirela da adaidaita-sahu. Birki ya mutu, fitila babu. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, amma wa ya taɓa zaunar da yaron nan ya gaya masa hannun da zai bi? In mota ta buge shi sai a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci.

A Ingila tun 1947 aka fara yi wa yara jarrabawar hawan keke, aka sabunta ta a 2007 da sunan Bikeability. A Holan ɗan firamare yakan amsa tambayoyi a takarda, sannan ya hau titi malamai na lura da shi. Mu kuwa an kafa mana Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, kuma ba mu raina ƙoƙarinta ba, sai dai lacca a filin taro ba ta koya wa yaro waiwaye da miƙa hannu kafin ya karya kwana. Sai an ɗora shi bisa keken.

Darasin motsa jiki ma haka yake. A jefa wa yara hamsin ƙwallo ɗaya, malam ya koma inuwa, 'yan mata su zauna gindin darbejiya. Wannan shi ne wasanni? Chioma Ajunwa, wadda ta ciwo wa Nijeriya zinare a dogon tsalle a Atalanta a 1996, ta buga wa ƙasa ƙwallon ƙafa kafin nan. Hakeem Olajuwon sai da ya yi gola da ƙwallon hannu kafin ya san kwando. Yaron da bai gwada gudu da tsalle da iyo ba, ta ina za a gane baiwarsa?

Kada a ce mana babu kuɗi. Langa da kokawa ba sa cin ko kwabo, kekuna uku da alli sun isa a zana mararraba a harabar makaranta. Muna kira ga hukumomin ilimin firamare su ware awa biyu kowane mako, su kuma damƙa aikin ga masu bautar ƙasa. Mu da za mu sa kakin nan gobe mun shirya.