Ƙiyayya Ba Ta Fita A Shafi Ɗaya

Abin da ke ba ni haushi a littattafan Hausa shi ne tuban shafin ƙarshe. Kishiya ta shekara ashirin tana hassada da bin bokaye, sai a layi uku ta fashe da kuka, shi ke nan wai zuciya ta wanku. Haba jama'a! Ko a nan Gumel, wa ya taɓa ganin gabar 'yan uba ta mutu haka?

Ku dubi Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 ya rasa hannunsa na dama. Shi kuwa Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka fara aikin sulhu tare. Amma Wuye da bakinsa ya ce kusan shekara uku yana ɗauke da niyyar kashe Ashafa. In tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, sai ya ji kamar ya danne masa fuska da matashin kai. Mutumin da addininsa ya umarce shi ya ƙaunaci maƙiyinsa fa! Ya san umarnin sarai, zuciyar ce ta ƙi, har sai da wani fasto ya gaya masa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki.

Waɗannan shekaru ukun su ne labarin, su kuma marubutanmu ke tsallakewa don su kai mu wajen biki.